Kusugu, Rijiyar da Aka Gina wa Ɗaki

Mu mutanen Kuyello a fili muka san rijiya, amma a tsohon birnin Daura, a bakin hanya, akwai wadda aka gina wa ɗaki har da ƙofa. Ita ce Kusugu.

Tarihin baka ya ce wani maciji, wai shi Sarki, ya hana jama'a ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ku duba fa, kwana shida tulu ba ya cika! Sai baƙo Bayajidda ya zo da dare ya sare kansa, Sarauniya Daurama ta aure shi.

Masana suna ta gardama ko an taɓa yin Bayajidda. Rijiyar dai tana nan da ruwanta, masu ziyara suna zura guga su sha.