Gayyatar Tsohon Ɗalibi da Dogon Hutu: Abin da Mai Shirin Ziyara Ƙetare Zai Yi La'akari da Shi

Tafiya ba baƙon abu ba ce a gundumomin Madawa, Buza da Keita na jahar Tawa, domin tun kaka da kakanni magidantan wannan yanki na Adar sukan fita cin rani da zarar an kai amfanin gona rumbu, wasu su nufi Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya, sannan su komo da faɗuwar ruwan shuka. Sai dai akwai wata tafiya da ba ta neman kuɗi ba ce, wadda ma'aikata da malaman makaranta suka fi yi, wato kai ziyara ga tsohon ɗalibin da ya zauna a wata ƙasa. Wani lokaci ɗan gari ne da ya sami tallafin karatu zuwa Aljeriya, Maroko, Turkiyya, Azhar ta Masar ko Jami'ar Musulunci ta Madina, ya ƙare bai dawo ba. Wani lokaci kuma baƙo ne da ya taɓa sauka a gidan mutum ya ci tuwonsa, irin ɗaliban musaya, wato waɗanda makarantarsu ke turawa wata ƙasa na ɗan lokaci, ko matasan Peace Corps na Amurka da suka yi aiki a ƙauyukan Nijar daga 1962 zuwa 2011, ko ƙwararrun da suka zo da Shirin Keita na farfaɗo da ƙasa wanda Italiya ta fara ɗaukar nauyinsa a 1984. Zumunci a ƙafa yake, amma ƙafar da za ta ƙetare iyaka tana da sharuɗɗan da gayyatar mai masauki ba ta ɗauke wa kowa.

Abu na farko shi ne lokaci. Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaci hutun kwana biyu da rabi a kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara, yayin da malamin makaranta ke samun babban hutu daga Yuli zuwa Satumba. Wannan hutun yana faɗawa tsakiyar damina, lokacin da gona ke neman mai ita, lokacin kuma da ƙoramun kwarin Magiya kan cika su tsare motoci a hanyoyin ƙauye, ta yadda wanda ya yanki tikitin jirgi daga Yamai ba tare da ya ware kwanakin hanya ba yana iya yin asararsa. A can ƙetare ma lokacin ne jami'o'i da dama ke rufe ɗakunan kwanan ɗalibai. Ma'aikacin gwamnati kuwa, hutu bai raba shi da aikinsa ba: ya kamata ya riƙe izinin shugabansa a rubuce kafin ya bar ƙasa, domin wanda ranar komawa ta wuce bai bayyana ba ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda ya yi watsi da aiki, kuma ba a cika karɓar uzurin cewa jirgi ne ya makara ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar takardar gayyata a matsayin biza. Biza izinin shiga ne da ofishin jakadancin ƙasa ke bugawa a fasfo, gayyata kuwa ɗaya ce kawai daga cikin takardun da ake dubawa kafin a ba da ita. A ƙasashen Turai masu bizar bai ɗaya da ake kira Shengen, mai ziyara ba ya wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma tun watan Yunin 2024 kuɗin neman bizar yuro 90 ne, kimanin sefa 59,000, wanda ba a mayarwa ko da an hana. Ana buƙatar inshorar lafiya da za ta iya biyan yuro 30,000, da fasfon da zai ƙara wata uku yana aiki bayan ranar fita, da shaidar cewa mai nema yana da aiki da iyali da za su mayar da shi gida. A Faransa, mai masauki ne ke zuwa ofishin magajin gari ya nuna girman ɗakinsa da abin da yake samu kafin a ba shi takardar karɓar baƙo, abin da ɗalibin da ke kwana a ɗaki ɗaya da abokinsa ba zai iya ba, komai son da yake yi wa malaminsa. Ƙari a kan haka, Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, kuma irin wannan giɓin ne 'yan damfara ke shiga, su karɓi fasfo da kuɗin bijimi da alkawarin biza cikin mako guda. Babu dillalin da ke da biza a aljihu.

Ziyarar maƙwabta ta fi sauƙi, ko da yake ita ma ta sauya. Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, CEDEAO, ta 1979 ita ce ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar zama kwana 90 ba biza, Nijar kuwa ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso a ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da aka ƙaddamar da fasfon AES, ƙawancen ƙasashen uku. CEDEAO ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar takardun 'yan ƙasashen uku da barinsu su yi zirga-zirga har sai an yanke wata shawara, wanda ke nufin cewa sassauci ne da zai iya canzawa, don haka a yi tambaya a satin tafiya, kada a dogara da labarin wanda ya je bara. Mai zuwa Sakkwato ko Zariya ya fi samun kwanciyar hankali idan ya bi ta Ƙonni da Illela aka buga masa hatimi, maimakon hanyoyin daji na kudancin Madawa da 'yan bindiga masu satar mutane suka addaba. A kuma lura cewa katin rigakafin cutar shawara yana fara aiki ne kwana 10 bayan allurar, sannan ya yi aiki har ƙarshen rayuwa. Wanda kuma aka ce masa ya shiga Aljeriya ta hamada don ganin ɗansa ya san cewa dubban mutane ake kwasowa daga can kowace shekara a zube su a kan iyaka, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka.

Tsaraba ma tana da nata haɗari. Mutumin Madawa ba ya jin ya yi ziyara in bai naɗe kilishi a takarda ya haɗa da cuku ba, alhali Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama ko madara da duk abin da aka sarrafa daga gare su, ana ƙwacewa a filin jirgi, a wasu wuraren har da tara. Goro kuwa an sha gargaɗin maniyyata kada su shiga da shi Saudiyya. Mafi muni shi ne saƙon da ba a buɗe ba: da zarar gari ya ji wane zai tafi, sai ƙunshe-ƙunshe su taru a zaurensa, wannan na ɗan wance, wancan na ƙanen wane, kuma kunya ta hana shi kwancewa. A ƙarshen 2018 an tsare wata ɗaliba daga Kano a Saudiyya saboda taramol da aka samu a wata jaka da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba, ba a sake ta ba sai a Afrilun 2019, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kan kai ga kisa.

Saura batun da ba a son faɗa a fili. Ɗalibin da ya turo hotonsa cikin kwat a gaban wani dogon bene sau da yawa bai gaya wa gida cewa tallafinsa ba ya kai shi ƙarshen wata ba, kuma idan wanda ya koya masa karatu ko ya ciyar da shi ya ce yana tafe, ba shi da bakin cewa a'a, sai ya ci bashi ya yi hidima. Ya wajaba mai ziyara ya yi guzurin da zai riƙe shi, ya tambayi inda zai kwana da wanda zai biya, ya kuma faɗi ranar komawarsa tun kafin ya tashi. Wanda ya mayar da ziyara ƙofar zama, kamar masu maƙalewa a Saudiyya bayan umara, ba kansa kaɗai yake jefawa cikin kamu da kora da haramcin sake shiga ba. Sunan mai masauki da adireshinsa suna cikin takardun da aka ba da bizar a kansu, hukuma kuma za ta tuna da su ranar da ya je sabunta izinin zamansa, ko ranar da ya nemi gayyato mahaifiyarsa.