Wata biyu a Sudan, shekara goma a Abuja: ina shari'ar ta'addanci take maƙalewa?

Duk lokacin da rediyo ya ce an kama wani da ake zargi da ta'addanci a wata ƙasa, tambaya ɗaya ce ke yawo daga teburin mai shayi a Gaya har zuwa majalisun dattawa a Ajingi: "To an kama shi, me kuma ake jira?" Wani ya ce a sako shi a jirgi yau ɗin nan. Wani ya ce akwai lauje cikin naɗi, manya ne suka tsaya masa. Ba za a ga laifin masu wannan fushi ba. Jihar da ta binne aƙalla mutum 185 bayan hare-haren 20 ga Janairu 2012, ta sake binne fiye da 100 bayan harin babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamba 2014, tana da dalilin ƙosawa. Sai dai idan aka bi shari'o'in ɗaya bayan ɗaya, za a ga yawancin jinkirin yana farawa ne bayan jirgin ya sauka a gida.

Mutumin Ajingi ya san iyaka, domin Jigawa na nan a maƙwabtansa. Idan ɓarawon shanu ya tsallaka can, 'yan sanda na iya bin sa su kamo shi, saboda rundunar ɗaya ce, ƙasar ma ɗaya ce. Iyakar ƙasa da ƙasa kuwa daban take. Da zarar mutum ya shiga Nijar ko Sudan ko Ingila, ikon ɗan sandan Najeriya da na alƙalinta ya ƙare a bakin shinge. Abin da ya rage shi ne roƙo a rubuce, kuma wadda aka roƙa tana da nata dokokin da nata alƙalan.

Roƙon yana da hanyarsa. Da farko sai an shigar da ƙara a gida, kotu ta ba da sammacin kamu. Daga nan ofishin Antoni Janar, wanda shi ne Ministan Shari'a, ya haɗa takardun tuhuma da hujjoji, a aika ta hannun ma'aikatar harkokin waje. A ɗaya ƙasar sai alƙali ya zauna ya duba: shin laifin da ake zargin mutumin da shi laifi ne a dokarsu su ma? Shin akwai yarjejeniyar miƙa masu laifi tsakanin ƙasashen biyu? Ba siyasa ce ko addini ko ƙabila ta sa ake nemansa ba? Idan an mayar da shi, za a yi masa shari'ar adalci? Wanda ake nema yana da lauya, yana kuma da damar ɗaukaka ƙara. Ko jar sanarwar da 'yan sandan ƙasa da ƙasa, wato Interpol, ke fitarwa daga hedikwatarsu da ke Faransa, ba umarnin kamu ba ce. Cigiya ce kawai, kowace ƙasa ta ga yadda za ta yi da ita.

Najeriya ma haka take yi wa masu roƙonta. Dokarta ta miƙa masu laifi ta samo asali tun 1966, kuma tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya kaɗai hurumin sauraron irin wannan ƙara. Da Amurka, har yau yarjejeniyar da Birtaniya ta ƙulla a 1931 ake amfani da ita, gadon mulkin mallaka. A ƙarƙashinta ne kotu a Abuja ta amince a 2013 a miƙa Lawal Olaniyi Babafemi, wanda Amurka ta zarga da hulɗa da reshen Al-Ƙa'ida na Yaman, aka kuma yanke masa shekara 22 a can a 2015. Akwai yarjejeniyar 1984 da Benin da Ghana da Togo, akwai ta ECOWAS da aka sa wa hannu a Abuja a 1994. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairun 2025 ta ƙara wa lamarin sarƙaƙiya, kuma ga mu da doguwar iyaka da Maraɗi da Damagaram.

Shari'ar da ta fi bayyana inda gizo ke saƙar ita ce ta harin Nyanya.

Da safiyar Litinin 14 ga Afrilu 2014, bam ya tashi a tashar motar Nyanya da ke gefen Abuja, daidai lokacin da ma'aikata ke rububin shiga bas. Fiye da mutum 70 suka mutu. Duk wanda ya taɓa zuwa ci-rani Abuja ya san su waye ke cika irin wannan tasha da sassafe: 'yan acaɓa, masu shayi, 'yan dako, masu tallar goro da rake. Abubakar Shekau ya fito ya ce Boko Haram ce ta kai harin. A daren wannan rana kuma aka sace 'yan matan Chibok 276, labarin da ya danne na Nyanya a idon duniya.

A watan Mayu hukumar DSS ta ce tana neman mutum biyu ruwa a jallo, Rufa'i Abubakar Tsiga da Aminu Sadiq Ogwuche, ta sa ladan naira miliyan 25. Ogwuche, ɗan wani kanar mai ritaya, haifaffen Birtaniya, ya taɓa zama soja kafin ya bar aikin, kuma yana karatun Larabci a Jami'ar Afirka da ke Khartum. Hukumar ta ce ta taɓa kama shi a filin jirgin saman Abuja a 2011, aka ba da shi beli a hannun mahaifinsa a 2012. Cikin 'yan kwanaki da fitar da cigiyar aka kama shi a Sudan.

Sai aka shiga jira. Mayu ta wuce, Yuni ta wuce, jaridu na tambaya, jama'a na zargin an yi rufa-rufa. Ranar 15 ga Yuli 2014 jirgin sojan saman Najeriya ya sauka da shi a Abuja. Wata biyu ke nan, kuma a ma'aunin duniya wannan gudu ne. Amurka ta nemi Birtaniya ta miƙa mata Abu Hamza al-Masri tun 2004, ba ta same shi ba sai a Oktoban 2012. Abu Ƙatada ya shafe kusan shekara goma yana fafatawa da gwamnatin Birtaniya a kotuna kafin a mayar da shi Jodan a 2013, inda kotun can ta wanke shi daga baya.

Abin da ya biyo bayan saukar Ogwuche shi ne abin kunyar. 'Yan sanda ne suka shigar da ƙarar da aka yi amfani da ita wajen dawo da shi, amma a hannun DSS yake tsare. Aka yi ta zama ana tashi, hukumomin biyu sun kasa daidaitawa kan wanda zai gabatar da ƙara. Ranar 24 ga Nuwamba 2014 Mai Shari'a Adeniyi Ademola na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya kori tuhumar saboda masu ƙara ba su nuna da gaske suke yi ba. Kwana huɗu bayan haka aka kai harin masallacin Kano. An sake gurfanar da Ogwuche da wasu a 2015, ya musanta zargin, kuma har aka cika shekara goma da harin a 2024 ba a yanke hukunci ba. A idon doka, muddin ba a yanke hukunci ba, ba mai laifi ba ne. Iyalan waɗanda suka mutu ba su ji hukunci ba, shi ma wanda ake tuhuma bai san matsayinsa ba, kuma Sudan ba ta da hannu a wannan.

Akwai masu cewa a daina bin kotu, a je a ɗauko mutum kawai. An gwada. Ranar 5 ga Yuli 1984 aka sace Alhaji Umaru Dikko, ministan sufuri a gwamnatin Shagari, a ƙofar gidansa a Landan, aka yi masa allurar barci, aka kulle shi cikin akwatin katako. Jami'an kwastan suka buɗe akwatin a filin jirgin Stansted. Dangantakar Najeriya da Birtaniya ta yi tsami har kusan shekara biyu, kuma ba a taɓa miƙa Dikko ba. Nnamdi Kanu kuwa, wanda aka tuhuma da ta'addanci, an dawo da shi daga Kenya a Yunin 2021 ba tare da wata kotun can ta zauna ba. A Oktoban 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame shi bisa wannan dalili. Sai a Disamban 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da shari'ar, duk da ita ma ta soki yadda aka kawo shi. Fiye da shekara guda ta tafi wajen gardamar hanyar da aka bi, ba a taɓa ainihin tuhumar ba. Kuma duk lauyan da ke kare wani da Najeriya ke nema a waje, yanzu ya sami misalin da zai karanta wa alƙali.

Wani lokaci ƙasar da mutum yake ba za ta miƙa shi ba ko da me aka kawo mata. Ƙasashen Turai ba sa miƙa wanda zai iya fuskantar hukuncin kisa sai an ba su tabbacin ba za a zartar ba, alhali dokar ta'addanci ta Najeriya ta tanadi kisa ga wasu laifuka. Wasu kuma ba sa miƙa ɗan ƙasarsu ga ƙasa mai nisa. Simon Ekpa, mai tunzura tashin hankali a kudu maso gabas daga birnin Lahti, yana da takardar zama ɗan Finlan. Manyan jami'an tsaron Najeriya sun yi ta kiran a turo shi. Finlan ta kama shi a Nuwamban 2024, ta yi masa shari'a da kanta, ta ɗaure shi shekara shida ranar 1 ga Satumba 2025. Ba a cika shekara ba.

Harin 1 ga Oktoba 2010 kusa da dandalin Eagle Square na Abuja ya ba da ma'auni mai tsini, domin 'yan'uwa biyu aka tuhuma a ƙasashe biyu. Afirka ta Kudu ta sami Henry Okah da laifi a Janairun 2013, ta ba shi shekara 24. Ɗan'uwansa Charles Okah, da aka yi wa shari'a a Abuja, sai a Maris 2018 ya ji hukuncin ɗaurin rai da rai, ko da yake a nan lauyoyin kariya ma sun ja lokaci da nasu ƙorafe-ƙorafen.

Me ke cinye shekarun? Lauyoyi sun san amsar: shaidu na tsoron fitowa, jami'in da ya yi bincike an canja masa wurin aiki, ba a kawo wanda ake tuhuma daga inda yake tsare ba, babu tafinta, a yi wata shari'ar cikin shari'a don gano ko an tilasta masa amsa laifi. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a riƙa zama kullum, idan ba zai yiwu ba kada kowane ɓangare ya nemi ɗagewa fiye da sau biyar. A takarda ke nan. Dokar ta kuma ba alƙalin da aka yi wa ƙarin girma damar dawowa ya ƙarasa shari'ar da ya fara, amma Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe a 2020, don haka idan alƙali ya tashi, sau da yawa sai a koma farko. Khalid al-Barnawi, da ake zargi da hannu a harin ginin Majalisar Ɗinkin Duniya na Agustan 2011, an kama shi a Lokoja a 2016, an gurfanar da shi a 2017, shari'ar ta yi ta ja shekara da shekaru. Tukur Mamu, mawallafin jaridar Desert Herald, an tare shi a Alƙahira a Satumban 2022, aka juyo da shi, DSS ta karɓe shi a filin jirgin Malam Aminu Kano cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai a Maris 2023 aka karanta masa tuhuma, ya musanta.

Jinkirin yana da farashin da ya wuce ɓacin rai. Ranar 5 ga Yuli 2022 'yan ISWAP suka fasa gidan yarin Kuje, ɗaruruwan fursunoni suka tsere, ciki har da fiye da 60 da ake tsare da su kan Boko Haram. A ɗaya ɓangaren, lokacin da aka fara shari'ar ɗimbin waɗanda ake zargi da alaƙa da Boko Haram a barikin Kainji a Oktoban 2017, an sami mutum 45 da laifi, an sallami 468. Da yawansu sun kwashe shekaru a tsare ba tare da hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali ba. Wanda ya taɓa samun ɗan'uwa a gidan yarin Kurmawa yana zaman jiran shari'a ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba.

Kasafin kuɗin Ma'aikatar Shari'a da na kotunan tarayya ta Majalisar Dokoki ta Ƙasa yake bi, kuma majalisar na da ikon kiran Antoni Janar ya yi bayani. Gaya da Ajingi da Albasu suna da kujera guda a Majalisar Wakilai, suna kuma cikin mazaɓar sanatan Kano ta Kudu. Idan wakilan suka zo gida, a tambaye su shari'o'in ta'addanci nawa ne suka wuce shekara biyar a gaban kotu, alƙalai nawa aka keɓe musu, kuma nawa aka ware don kare shaidu.