Yadda ake sauya wa kwamfuta akwati ba tare da an yi asara ba

Idan akwatin kwamfutar tebur ya tsufa, ko kuma ya daina bai wa kayan cikinsa isasshiyar iska, ba lallai ba ne a sayi sabuwar na'ura, domin ana iya kwashe kayan a mayar da su cikin wani akwatin.

Hakan na yiwuwa ne saboda tsarin ATX da kamfanin Intel na Amurka ya ɓullo da shi a shekarar 1995, wanda ya ƙayyade girman babban allon kwamfuta da wuraren da ake ɗaure shi.

Allon ATX yana da tsawon milimita 305 da faɗin 244, yayin da ƙaraminsa, wato microATX, ba ya wuce 244 ta kowane ɓangare.

Don haka ƙaramin allo kan shiga babban akwati, amma babba ba zai shiga ƙarami ba.

Sai dai kuma wasu kwamfutocin ofis na manyan kamfanoni kamar Dell da HP, waɗanda ake yawan samu a kasuwannin gwanjo na Najeriya, ba su bin wannan tsari. Ke nan ya kamata a duba allon tukuna kafin a sayi akwati.

Haɗari biyu ne suka fi janyo asara a yayin aikin.

Na farko shi ne wutar da ke taruwa a jikin mutum, musamman lokacin hunturu da iska ke bushewa. Tartsatsin da mutum bai ma ji shi ba yana iya lalata allon. Maganin hakan shi ne a zare wayar lantarki, a kuma riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin a kama kowane abu.

Na biyu kuwa ya shafi ƙananan ginshiƙan ƙarfe da allon ke zama a kansu. Duk wanda aka ɗaura a inda babu rami a jikin allon yana iya haɗa wuta ya ƙona shi.

Yana da kyau a ɗauki hoton wayoyin kafin a cire su, musamman siraran da ke zuwa maɓallin kunnawa.

Sauya akwati dai ba ya goge abin da ke cikin faifan ajiya, amma kwafe muhimman bayanai tun da farko shi ne rigakafin da ya fi magani.