Abin Da Ya Hana Landan Samun Babbar Tasha Guda

Baƙon da ya sauka Landan yana cigiyar babbar tashar jirgin ƙasa zai sha mamaki, domin kuwa babu ita. Manyan tashoshi fiye da goma ne suka yi wa tsakiyar birnin zobe, kowacce da nahiyar da jiragenta ke dosa. Mai zuwa Bristol sai ya nufi Paddington, mai zuwa Edinburgh kuwa King's Cross.

Asalin al'amarin shi ne, kamfanoni masu kishi da juna ne suka shimfiɗa dogo, kowanne ya gina tasa tashar. An buɗe Euston cikin 1837. A 1846 wani kwamitin bincike na gwamnati ya ba da shawarar kada a bar dogo ya kutsa tsakiyar gari, saboda haka yawancinsu suka tsaya a baki-baki. Wahalar ratsa gari daga wannan tasha zuwa waccan tana cikin dalilan haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta farko a duniya, wadda aka buɗe cikin 1863.

Talakawa dai su suka ji jiki. Domin a kawo dogo St Pancras, wadda aka buɗe a 1868, an rushe unguwar Agar Town, dubban 'yan haya suka rasa matsuguni, har kaburbura aka tone. Ita kanta tashar saura ƙiris a rushe ta, sai a 1967 doka ta kāre ginin. Tun 2007 daga nan jiragen Faris ke tashi.