Kamun Sarkin Kifi a Bakin Tekun Kanada

A Hausa, in an ce mutum ya tafi su, kowa ya san abinci ya tafi nema. Masunci ya kan ɗauki koma, ko taru, ko fatsa, abin da Allah ya ba shi ya ci, saura ya kai kasuwa. Amma a waɗansu ƙasashe akwai wani irin su na masu ƙoshi, wanda a kan yi don nishaɗi kawai. Mutum ya kan kashe kuɗin da zai sayi kifi ɗari, ya yi tafiya mai nisa, ya kwana bakwai yana neman kifi guda, wata sa'a ma ya koma gida hannu wofi, yana murna. Labarin irin wannan su za mu ba ka, yadda a ke yinsa a wani gari na yammacin Kanada.

Sai mu fara da kifin kansa. Sunansa samon, iri-iri ne kuwa a Tekun Fasifik, amma babbansu duka shi ne wanda a ke kira cinuk. A 1985 wani mutum mai suna Les Anderson ya kama wani da fatsa a Kogin Kenai na Alaska, nauyinsa ya ɗara laba 97, watau kamar kilo 44. Irin wannan ba a cika samunsa ba. Galibinsu ba su kai laba 30 ba.

Zaman duniyar wannan kifi abin mamaki ne. A kogi a ke ƙyanƙyashe shi, cikin ruwan daɗi mai sanyi, ƙarƙashin tsakuwa. In ya ɗan tasa sai ya gangara ya faɗa teku, ya yi ta yawo cikin ruwan gishiri, yana cin ƙananan kifaye, yana ƙiba. Wani ya yi shekara biyu, wani uku, wani huɗu ko fi. Wanda ya fi daɗewa shi ya kan fi girma. Ran da lokaci ya yi, sai ya juyo ya nufi kogin nan da aka haife shi, ko da akwai mil dubu tsakaninsu. In ya matso kusa, da ƙanshin ruwan ya ke gane kogin. Ya hau kogin, macen ta tona tsakuwa da wutsiyarta, ta zuba ƙwai dubbai, namijin ya zuba musu ruwansa, ta rufe. Daga nan dukansu biyu sai mutuwa. Sau ɗaya tak su ke haihuwa a duniya.

To, kafin su hau kogi, su kan taru a bakinsa, inda ruwan daɗi ke gamuwa da na gishiri, su dakata har kogin ya yi musu daidai. Wannan kuwa wajen ƙarshen lokacin zafi ne na can, cikin Agusta da farkon Satumba. A lokacin nan kifi ya gama girman da zai yi. Jikinsa da ya ke fari fat kamar azurfa ya fara duhu, bakin namiji ya fara tanƙwarewa. Don haka mai neman ƙaton kifi ba ya garaje da farkon shekara, sai ya jira ƙarshen lokaci.

Garin da mu ke magana a kansa yana gabashin tsibirin Bankuba, cikin jihar Birtish Kolambiya, an kuwa sa masa sunan koginsa, watau Kogin Kambal. Tun kafin Turawa su zo, mutanen ƙasar na asali da wannan kifi su ke rayuwa, su ne kuma su ka fara tuƙa baƙi cikin kwalekwalensu, suna nuna musu makwancin manyan. A 1896 wani Bature, Sir Richard Musgrave, ya kama mai laba 70 a nan, labari ya fita a jarida a Ingila, masu kuɗi su ka fara tahowa. A 1924 waɗansu daga cikin masu wannan su su ka kafa ƙungiya, su ka sa mata suna Tyee Club. Kalman nan, wadda a ke faɗi "tayi", daga bakin mutanen gaɓar tekun na asali aka aro ta, ma'anarta sarki ko babba. Ba a kiran cinuk da wannan suna sai ya kai laba 30. Mai laba 29 kifi ne kawai.

Ga abin da ya sa ƙungiyan nan ta yi suna. Da gangan ta ɗaure wa 'ya'yanta hannu. Lokacinta daga 15 ga Yuli ne zuwa 15 ga Satumba. Ba a yin sun da jirgi mai inji, sai ƙaramin jirgin da a ke tuƙawa da hannu. Ba a sa wa ƙugiya nama ko ɗan kifi, sai wani ɗan ƙarfe mai kama da cokali, ko ɗan itacen da aka sassaƙa kamar kifi, da ƙugiya guda ɗaya rak. Sanda daga ƙafa 6 zuwa 9. Zaren kuwa ba zai wuce wanda nauyin laba 20 ke tsinkawa ba. Ka ji fa, zare mai ɗaukar laba 20, ga kifi mai laba 30 ko 50. In kifi ya kama, ba mai taɓa sandan nan sai mai ita, har a ƙare. Wanda ya kama Tyee bisa ga waɗannan sharuɗa shi ne ya shiga ƙungiya. Sarauta ko dukiya ba su shigar da kowa.

Mutum biyu ko uku ke shiga jirgi, tun da asuba ko kuwa da almuru, da lokacin da teku ke juyawa tsakanin cikowa da janyewa. Mai tuƙi shi ne gwanin, gama ruwan mashigin nan yana da ƙarfin gudu ƙwarai. Aikinsa ya riƙe jirgi daidai, kada ya yi sauri, kada ya yi nawa, don ƙarfen nan ya riƙa rawa cikin ruwa kamar kifi mai rauni. Mai sanda kuwa ya ƙura wa bakin sandarsa ido. Muddin ƙarfen na rawa, bakin sanda na kaɗawa a hankali. Da kaɗawan nan ta sāke ko ta tsaya, sai ya fizga nan take. In ya yi jinkiri ko na ƙiftawar ido, kifi ya tofar ya wuce. Abin da ya ƙara wuyar al'amarin, kifin da ya zo bakin kogi ya kusa daina cin abinci. Masu sun su kan ce haushi ne ke sa ya kai cafka, ba yunwa ba. Saboda haka jirage da yawa su kan yi safiya guda ba wanda aka ko taɓa.

In kuwa ya kamu, sai kokawa. Kifi ya zabura, zare ya yi ta fita daga ɗan keken da ke naɗe shi. Mai sanda ba shi da ikon ja da ƙarfi, don zare zai tsinke. In kifi ya ja, ya sake masa. In ya lafa, ya naɗe. Mai tuƙi ya fid da jirgi daga cikin 'yan'uwa, su kuma su janye zarensu su ba da hanya. Haka za a yi ta yi, wani lokaci rabin sa'a, wani lokaci fiye da sa'a, har ɗaya ya gaji. Nan ne a ke ganin gaskiyar masu iya magana da su ka ce mai haƙuri ya kan dafa dutse. In an kawo kifi gaɓa a kan rataye shi a sikeli. In ya kai laba 30 sai a kaɗa ƙararrawa, waɗanda ke kan ruwa su ji. Mafi girma da ƙungiyar ta taɓa aunawa mai laba 71 ne, a 1968.

Mai karatu zai ce, ina amfanin wannan wahala duka, ga inji, ga taru? Amsar tana cikin abin da mu ka faɗa da fari. Kifin nan da a ke nema a ƙarshen lokaci, shi ne wanda ya tsere wa dukan haɗarin teku, saura kwana kaɗan ya haihu. Babbar mace ta fi ƙarama yawan ƙwai, ƙwanta ya fi girma, raminta ya fi zurfi, ambaliya ba ta saurin tone shi. Wanda ya kashe ta a bakin kogi ya kashe ta da 'ya'yanta. Da an bar kowa ya zo da inji da taru inda su ka taru wuri ɗaya, da 'yan shekaru kaɗan sun isa a share su.

Duk da haka dokar ƙungiya guda ba ta tsare teku. Masana sun auna, sun ga cinuk da ke komowa kogunan Alaska da Kanada da Amurka a wannan zamani ba su kai na dā girma ba, ba su kuma kai su shekaru ba. Dalilan da su ke kawowa sun haɗa da yawan kamun manyan, da ɗumamar ruwa, da gasar abinci a teku, da namun teku masu cinsu. A Kogin Kambal kansa, madatsar ruwan da aka gina a 1947 don wutar lantarki ta rage tsakuwar da ke gangarowa, har ya zama sai an ɗebo ta an zuba don kifi ya sami wurin ƙwai. A 1974 aka buɗe gidan ƙyanƙyasar kifi a Kogin Kinsam, wanda ke zuba cikin Kambal, don a taimaki irin. Akwai kuma wata babbar dabbar teku mai shayarwa, orka, wadda wani dangi nata a wannan yanki cinuk ne babban abincinsa, yawansu kuwa bai kai 80 ba. Don haka tun 2019 gwamnatin Kanada ta ƙara tsananta dokokin kamun cinuk a kudancin jihar, ta ƙayyade inda za a kama, da lokaci, da wanda za a tafi da shi gida.

Yanzu da yawa cikin masu wannan su, in sun ci nasara a kan babban kifi, su kan auna tsawonsa yana cikin ruwa, su zare ƙugiya, su tallafe shi har numfashinsa ya komo, sa'an nan su sake shi ya hau kogi. Wanda ya yi haka ya rasa nama, amma yana sa ran bayan shekara huɗu ko biyar 'ya'yan kifin nan za su zo su tsaya a bakin kogin, inda uwarsu ta tsaya.