Nasara 18 a Jere, Amma Kofi Ya Tafi Wani Gida: Kakar New England Patriots ta 2007

Masu bin ƙwallon Ingila sun san Arsenal ta kakar 2003/2004, wadda ta buga wasa 38 ba a doke ta ba, ta kuma ɗauki kofi. A Amurka an yi ƙungiyar da ko canjaras ba ta yi ba a 2007, amma babban kofin ya kuɓuce mata. Ita ce New England Patriots, mai gida a Foxborough ta jihar Massachusetts. Kafin mutum ya gane yadda hakan ta faru, sai ya fara sanin yadda wasan yake.

Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ya fi kama da zari-ruga. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, akasari da hannu ake sarrafa ta, kowane ɓangare kuma mutum 11 ne sanye da hular kwano. Ana bai wa masu kai hari dama huɗu su matsa gaba da yadi 10. In sun yi, a sabunta musu damar, in sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shigar da ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki 6, bugun ƙafa tsakanin sanduna kuma maki 3 ne. Duk harin yana rataye ne a wuyan mutum ɗaya, wato mai jifa, wanda ke karɓar ƙwallo ya duba wanda zai wurga wa kafin ƙattin tsaro su danne shi.

Gasar NFL tana da ƙungiyoyi 32. A lokacin kowacce tana buga wasa 16, sannan 12 daga cikinsu su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, har a kai wasan ƙarshe da ake kira Super Bowl. Ke nan duk makin da ƙungiya ta tara a kaka, kujera kawai yake saya mata a zagaye na gaba.

Patriots ba baƙuwar kofi ba ce, domin ta ɗauke shi a kakannin 2001, 2003 da 2004 ƙarƙashin koci Bill Belichick da mai jifa Tom Brady. A 2007 ta ƙaro masu cafe ƙwallo biyu: Randy Moss daga Oakland Raiders, wanda da yawa suka ɗauka ya gama yayi, da Wes Welker daga Miami Dolphins. Sai dai kakar ta fara da abin kunya. A wasan farko da New York Jets an kama ma'aikacin ƙungiyar yana ɗaukar bidiyon alamun da kociyoyin Jets ke yi wa 'yan wasansu, daga wurin da doka ta hana. Hukumar gasar ta ci Belichick tarar dala 500,000, ta ci ƙungiyar dala 250,000, ta kuma ƙwace mata gurbin zagayen farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2008.

Maimakon hukuncin ya karya musu gwiwa, sai suka shiga ragargazar duk wanda suka tarar. Sun lallasa Washington da ci 52 da 7, suka yi wa Buffalo 56 da 10. Brady ya yi jifa 50 da suka zama ci, Moss shi kaɗai ya cafe 23, ƙungiyar kuma ta tara maki 589. Duka ukun sabon tarihi ne a lokacin. Amma da sanyi ya shigo, tazarar ta fara raguwa: da ƙyar suka sha a hannun Philadelphia da ci 31 da 28, haka ma Baltimore da ci 27 da 24.

Wasa na 16, ranar 29 ga Disamba, da New York Giants aka yi shi. Giants ta riga ta samu gurbinta, babu abin da nasara za ta ƙara mata, kuma al'ada ita ce a hutar da manyan 'yan wasa. Kocinta Tom Coughlin ya ƙi. Ya zuba gwanayensa, har suka yi gaba da ci 28 da 16 kafin Patriots ta farfaɗo ta ci 38 da 35. Giants ta sha kashi, amma ta fita da sanin cewa ana iya doke waɗannan mutane.

Patriots ta kawar da Jacksonville da San Diego, nasara ta zama 18. Giants kuwa, wadda ta ci wasa 10 ta faɗi 6, sai da ta bi Tampa Bay, Dallas da Green Bay har gida ta fitar da su. Suka sake haɗuwa ranar 3 ga Fabrairun 2008 a Glendale ta jihar Arizona.

Dabarar Giants ba ta da wani ɓoye. Jifa mai nisa na buƙatar lokaci, don haka sai a hana Brady lokacin. Masu tsaronta na gaba, irin su Michael Strahan, Justin Tuck da Osi Umenyiora, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, suka yi ta keta katangar da ke kare shi. A duk wasanni 16 sau 21 kawai aka kayar da Brady riƙe da ƙwallo, amma a wannan dare sau 5 aka yi masa haka. Harin farko na Giants ma ya ci kusan minti 10, Brady na zaune a benci yana kallo.

Duk da haka, saura minti 2 da daƙiƙa 42 Moss ya ci, Patriots ta koma gaba da 14 da 10. Nan ne mai jifan Giants, Eli Manning, ya suɓuce daga hannun masu riƙe da rigarsa, ya wurga ƙwallo sama. David Tyree, wanda sau 4 kacal ya cafe ƙwallo a wasannin kakar, ya yi tsalle ya manne ta da hular kwanonsa yana faɗuwa, mai tsaron Patriots Rodney Harrison na fizgar hannunsa. Giants ta ci yadi 32. Saura daƙiƙa 35 Plaxico Burress na Giants ya cafe ta ƙarshe, aka tashi 17 da 14.

Mutane sun fi tuna kamun Tyree, suna cewa sa'a ce. Akwai sa'a a ciki, amma sa'ar ba za ta yi amfani ba da a ce Patriots ta ci makin da ta saba, kusan 37 a kowane wasa. Tsaron Giants ne ya tsayar da ita a 14, har kamu ɗaya ya isa ya juya wasan. Tsarin gasar kuma shi ya sa dare ɗaya ya rinjayi wata huɗu, kuma haka aka gina shi da gangan, don kowace ƙungiyar da ta tsallake ta ji tana da rabo.

Shi ya sa har yau Miami Dolphins ta 1972, ƙarƙashin Don Shula, ita kaɗai ce ta cinye wasanninta duka, 17, har da Super Bowl. Brady ya yi ritaya da kofi 7, fiye da kowane ɗan wasa a tarihin Super Bowl, amma bai sake kusantar kaka marar faɗuwa ba. Da ya sake gamuwa da Giants a wasan ƙarshe a Fabrairun 2012, su ne suka sake cin sa, 21 da 17.