Tsiron Da Ke Zuƙe Gubar Asenik Daga Ƙasa: Ko Zai Yi Aiki A Arewa?

A shekarar 2010 ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Sama da yara 400 suka rasu. Masu aikin tsaftacewa sun riƙa auna ƙasa da na'urar hannu ta XRF, suna kankare wadda ta gurɓata, suna zuba sabuwa. Sai a 2013 aikin ya kai Bagega. Hanyar ta ceci rayuka, amma tana cin maƙudan kuɗi, kuma da wuya a kankare gona sukutum.

Shi ya sa masana ke duba tsirrai. A 2001, Farfesa Lena Ma ta Jami'ar Florida a Amurka da abokan aikinta suka wallafa bincike kan wani tsiro mai suna Pteris vittata. Ganyensa kamar gashin tsuntsu yake, kuma ba ya fure. Saiwarsa na jan asenik daga ƙasa ta tura shi cikin ganye, har gubar kan kai kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin busasshen ganyen. Ana yanke ganyen ya sake tohowa, gubar ƙasar na raguwa sannu a hankali. An gwada shi a gonaki a lardin Hunan na ƙasar Sin.

Asenik yakan zo tare da duwatsun zinare, kuma daɗewa ana shan sa a ruwa ko abinci na jawo ciwon daji. Sai dai tsiron gwanin asenik ne, ba dalma ba, don haka da bai magance matsalar Bagega ba. Yana son danshi, ke nan a rani sai da ban ruwa, kuma aikin kan ɗauki shekaru. Ganyen da aka yanke guba ne: kada a ba dabbobi, kada a ƙona shi a fili.

Ga masu noman rani a Karaye da Rogo, musamman a kewayen Dam ɗin Challawa, matakin farko shi ne gwaji. Duk gonar da aka taɓa wanke ma'adinai ko zubar da sharar masana'anta kusa da ita, a kai ƙasarta ɗakin gwaje-gwaje kafin a shuka. Sai an san gubar da ke ciki za a san tsiron da ya dace.